Na sayo abin gashi na gas, maigida ya ce sai gawayi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, yaranmu 3. Muna haya a gida mai sassa 4, tsakar gida ɗaya muke amfani da ita da maƙwabta. Maigidana mutumin kirki ne, ba ya rage mu da komai daidai ƙarfinsa. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, mahauci ne mai tukubar tsire a Zariya, a hannunsa ya koyi gashi. Duk Asabar da yamma sai ya sayo nama, ya fito da rabin gangarsa, ya zuba gawayi da faskaren itace, ya tsiyaya kananzir, wani lokaci har da leda, ya hura wuta. Naman yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma 'yarmu ta tsakiya mai shekara 6 tana da asma, kuma na lura daren Asabar ne ta fi kwana tana tari. Matar maƙwabcinmu ma ta sha yi mini ƙorafin hayaƙi yana kama mata shanya, yanzu gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Da na kwashi adashina sai na sayo abin gashi mai amfani da gas ban gaya masa ba, a zatona zan burge shi. Da ya gani sai ya ce na raina sana'ar ubansa, naman gas ba nama ba ne. Har yau abin yana cikin kwalinsa. Hajiyarsa da ta ji labari ta ce na yi almubazzaranci, kuma gas bam ne a gidan da ke da yara. Ga Babbar Sallah tana matsowa. In sayar da shi in yi shiru, ko in dage? Kuma tsakani da Allah, wanne ya fi, gas ko gawayi?

Daga ƙanwarki a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya jiƙan surukinki da rahama. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarin daren Asabar. Daga nan zan fara, domin ɗanɗanon nama da kuɗin adashi da fushin maigida duk abubuwa ne da za a zauna a tattauna, kowa ya ɗan sassauta. Ƙirjin yarinya 'yar shekara 6 kuwa ba ya cikin abin da ake sassautawa a kai.

Abin da kika lura da shi ya yi daidai da yadda asma take. Hanyoyin iskar da ke cikin huhun mai asma suna saurin kumbura su tsuke idan suka haɗu da hayaƙi ko ƙura ko sanyi. Hayaƙin itace yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, suna wucewa har can ƙasan huhu, kuma sau da yawa tarin ba ya tashi nan take, sai dare ya raba. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta daren da ta yi tari da abin da aka ƙona a gidan ranar, sannan ku kai ta wurin likita, ke da mahaifinta tare in da hali. Ki tabbata maganin shaƙarta yana kusa kuma kin iya ba ta shi yadda ya kamata. Idan kika ga ta kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ko fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa ciki in ta ja iska, ko leɓɓanta sun sauya launi, kada ki jira gari ya waye, asibiti kai tsaye.

Yanzu bari mu duba gangar maigidanki da kyau, domin ina ganin kin ɗora wa gawayi laifin da ba nasa ba ne gaba ɗaya. Hayaƙin da ke turnuƙe tsakar gidanku daga wuri uku yake fitowa. Faskaren itace ne babba a ciki, musamman in bai bushe sosai ba. Sai kananzir da leda, waɗanda baƙin hayaƙinsu guba ne tsagwaronsa, kuma warinsu yana kama nama. Sai kitsen da ke ɗiga kan wuta ya tashi da harshe da ƙauri. Shi gawayi itace ne da aka riga aka ƙona a rufe ba tare da isasshiyar iska ba, har ruwan jikinsa da mafi yawan abin da ke yin hayaƙi suka fita. Idan mai kyau ne, kuma aka bar shi minti 20 zuwa 30 ya kama sosai har farar toka ta lulluɓe shi, hayaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Ke nan ana iya rage mafi yawan abin da ke damun 'yarki da maƙwabciyarki ba tare da an raba maigida da garwashinsa ba. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe kafin ki sake buɗe masa maganar.

Kin tambaye ni tsakani da Allah, to ga amsa. Maigidanki yana da gaskiya rabi. Garwashi yana ba da zafi mai ƙarfi kuma busasshe, wanda ke saurin soye bayan nama ya bar cikinsa da ruwa, ya gasa ƙuli da yaji su yi ƙamshin nan da kowa ya sani. Harshen gas yana fitar da ɗan tururi yayin da yake ci, kuma ƙananan na'urorin gashi masu araha ba su cika kai zafin garwashi ba. Wanda ya tashi a gindin tukuba zai ji bambancin a bakinsa, ba ƙarya yake yi ba. Inda ya wuce gona da iri shi ne cewa naman gas ba nama ba ne. Kaso mai yawa na ƙamshin gashi yana fitowa ne daga romo da maiƙon da ke ɗiga kan abu mai zafi su koma tururi su sake hawa naman, kuma abin gashi na gas yana da ƙarafa a saman wutar da ke yin wannan aikin. Kaza da kifi da hanta da siririn tsire, in yaji ya ji kuma mai gashin ya iya, mutane da yawa ba za su tantance da wace wuta aka yi ba. A balangu da manyan yanka masu daɗewa a wuta ne garwashi yake nuna fifikonsa. Gas kuma ya fi shi sauri da tsabta, cikin minti 10 ya yi zafi, kina iya rage wuta ko ki ƙara da yatsa biyu, babu toka, kina gamawa ki kashe. Kowanne da inda ya fi, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa gida ɗaya ya ce lallai sai ɗaya ba.

Sai dai ki sani ba maganar zafin wuta ce ta ɓata masa rai ba. Mutumin nan mahaifinsa ya rasu, kuma abin da ya rage masa na hannun mahaifin shi ne wannan gashin. Duk Asabar in ya tsaya yana fifita wuta, yaransa suna zagaye da shi, yana yin abin da ya ga ubansa yana yi ne. Akwai kuma wani abu da ke da ciwo wanda ke ma kin san shi: a ƙasar Hausa an daɗe ana yi wa mahauta kallon raini, duk da cewa babu biki babu suna sai da su. Ɗan mahauci da ya yi karatu ya samu aiki, ya kuma ƙi jin kunyar sana'ar gidansu, yakan kasance da saurin jin zafi a wannan wurin. Da ya dawo ya tarar da na'ura mai walƙiya an ajiye ba shawara, abin da ya ji a ransa shi ne matarsa tana ƙyamar gangarsa da inda ya fito. Na san ba haka kike nufi ba. Niyyarki kyakkyawa ce, kuɗinki ne na halak, kuma uwar da ke kwana zaune da yarinya mai tari tana da haƙƙin neman mafita. Amma da kin shawarce shi tun farko, da watakila shi zai raka ki kasuwa.

Abin farin ciki shi ne sana'ar mahaifin nasa tana bayanki. Ki tuna yadda tukuba take. Tudun toka ne, wuta a tsakiya, tsinkayen tsire a kafe a zagaye da ita suna shan zafi ta gefe. Maiƙo yana gangarowa ya sauka a toka, ba ya faɗawa cikin wuta ya tashi da ƙauri, mai tsire yana juya tsinke yana shafa man gyaɗa a natse. Kuma mai tsiren da ya san abin da yake yi ba zai yarda warin kananzir ya kama masa nama ba, don ya san masu saye za su gudu. Saboda haka maimakon ki ce masa ga yadda ake yi a zamani, ki tambaye shi yadda Baba yake haɗa wutarsa. Ki bar shi ya ba ki labari. Ina kyautata zaton da bakinsa zai faɗi cewa leda da kananzir gaggawa ce kawai ta kawo su.

Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba ranar Asabar ba, ba kuma a gaban yara ba. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Abban yara, ka yi haƙuri da na sayo abin nan ban shawarce ka ba. Wallahi ba raina gashinka na yi ba, ni ma ina jiran Asabar. Tarin yarinyar nan ne ya hana ni sukuni. Kai ka fi ni sanin wuta, ka duba mana yadda za a yi mu ci nama ita ma ta kwana lafiya." Daga nan ki yi shiru ki saurare shi, ko da ya fara da faɗa. Kada ki kawo maganar maƙwabciya a zaman farko, domin namiji in ya ji matar wani ce ke tsara masa abin da zai yi a gidan da yake biyan haya, sai ya ƙara taurin kai.

Ki kuma je masa da naki sassaucin a hannu. Idan kina turara ɗaki da turaren wuta, ko kuna kunna maganin sauro mai hayaƙi da dare, ki sani su ma hayaƙi ne, kuma a rufaffen ɗaki yarinyar take shaƙarsu, kusa da hancinta fiye da gangar tsakar gida. Na san turaren wuta yana da wuyar bari ga mace, amma ki daina shi a ɗakin da take kwana da falon da take zama, ki koma gidan sauro. In ya ga kin fara da abin da kike so, zai yi masa wuya ya ce nasa kaɗai aka sa wa ido.

Ga abin da nake ganin za ku iya daidaitawa a kai. Itace ya fita daga tsakar gidan haya kwata-kwata. In yana marmarin gashin itace, ga gidan Hajiya a Zariya ko wani fili mai sarari, yarinya kuma ta yi nesa. Ko a can ma ya nemi busasshen itace irin su marke ko mangwaro, ya guji katako mai fenti da falanki da guntayen kujeru, ya guji tumfafiya da tinya masu farin ruwa mai guba. A gida kuma gawayi zalla, mai kyau. Za ki gane shi da nauyi da tauri, in kika buga biyu suna ƙara kamar ƙarfe, in kika karya cikinsa baƙi ne wuluk mai sheƙi. Wanda cikinsa ja-ja ne bai gama ƙonewa ba, shi ne mai hayaƙi. Wanda ya sha danshi kuma ga hayaƙi ga tartsatsi, don haka ki ɗora buhun a kan katako inda ruwa ba ya taɓa shi.

Hura wuta ba kananzir abu ne mai sauƙi. A samu babban gwangwani marar fenti a cire samansa da ƙasansa, a huda ƙofofi a gindinsa, a cusa takarda da aka ɗiga wa man gyaɗa a ƙasa, a cika sama da gawayi, a kunna takardar. Iska tana shiga ta ƙasa tana jan wutar sama, cikin kamar minti 20 gawayin ya yi ja, sai a kama da tsumma mai kauri ko filaya a juye a ganga. Kada a yi amfani da ƙananan gawayin nan masu kamawa da ashana ɗaya da ake sa turare, akwai sinadarin kama wuta a jikinsu, ba na abinci ba ne. Sannan ya tara garwashin a gefe ɗaya na gangar, ya bar ɗaya gefen babu wuta da tsohon faranti a ƙasa. Nama mai kitse ya zauna a gefen da babu wuta ya nuna a hankali, maiƙonsa ya tsiyaye a faranti, sai a ƙarshe a matsar da shi kan garwashi ya yi ja. Wannan yana rage hayaƙi, yana kuma rage ƙonewar nama, kuma masana sun danganta yawan cin nama mai baƙin ƙuna da hayaƙin kitse da ƙarin haɗarin cutar kansa. Ki duba ragar da yake gashi a kai ma. In wayar tsohon firiji ce ko ragar shinge, a sauya, domin abin da ake shafa musu don hana tsatsa bai dace da wuta da abinci ba. Mai walda zai haɗa muku ta ƙarfe zalla da kuɗi kaɗan.

Inda ake ajiye gangar ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗowa, da damina kuma daga kudu maso yamma, don haka kusurwar da ta dace a watan Janairu tana iya zama wadda za ta tura hayaƙi tagar ɗakin yara a watan Yuli. Kafin a kunna, ki jefa ɗan toka sama ki ga inda ta nufa. A rufe tagogin da ke wannan ɓangaren, yarinya ta zauna a ciki ko a gidan wata 'yar'uwa har wuta ta kama, a kai mata nata naman da zafinsa don kada ta ji an ware ta.

Akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba, domin ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya. Garwashin gawayi, ko da ba ka ganin hayaƙi ko kaɗan, yana fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari. A fili iska tana kwashe ta. A ɗaki ko kicin ko gareji ko lungun da ke rufe kuwa taruwa take yi, mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, barci ya ɗauke shi bai farka ba. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a farkon damina take zuwa, kuma in hadari ya taso ana tsakiyar gashi abin da kowa zai fara tunani shi ne a ja gangar cikin gida. Kada ku yi. A ɗauke naman a ƙarasa shi a tukunya. Kada kuma a shigar da ragowar garwashi ɗaki don jin ɗumi da sanyi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni kada a bar wuta a gida in za a kwanta barci. In an gama, a rufe gangar da murfin ƙarfe wutar ta mutu don rashin iska, gawayin da ya rage ya yi amfani wani satin.

Tsoron Hajiya kuma kada ki ɗauke shi ƙauyanci. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar gas da ta auku a wani shagon sayar da gas a Sabon Tasha a watan Janairun 2020 ba, wadda ta ci rayuka. Tsohuwar da ta ji irin wannan labarin, ga jikokinta a gidan, dole gabanta ya faɗi. Gas yana da haɗari in an yi sakaci, kuma kusan duk haɗarinsa daga yoyo ne. Ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu ko a kwata yana jiran tartsatsi. Kafin a fara amfani da naki, a kira wanda ya san aikin ya duba ko kan daidaita gas da ya zo da shi ya dace da tukunyar gas irin tamu, ya ɗaure tiyo da maɗaurin ƙarfe, ba ɗaurin roba ba. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, in kika ga kumfa tana tasowa akwai yoyo. Tukunya ta tsaya a tsaye a inuwa, nesa da gangar gawayi. A buɗe murfin abin gashin kafin a kunna, in bai kama ba a kashe a jira minti 5 kafin a sake gwadawa, in an gama a fara rufewa daga kan tukunya. In kika ji warin gas kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki. Amma bayanin nan ba ke za ki yi wa Hajiya ba. Ɗanta ne zai yi mata, bayan ya gamsu. Naki shi ne ki je gaishe ta da ɗan abin hannu, ki ba ta labarin tarin jikarta da abin da likita ya ce, ki nemi addu'arta. Kaka in ta ji ciwon jika ne, sau da yawa ita take komawa mai matsa wa ɗan nata.

Maganar almubazzaranci kuma lissafi ne zai raba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 darajar naira ta faɗi, gas ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma gawayi, shi ma ya tashi. Kilo 1 na gas yana ba da zafin da ya kai na gawayi kusan kilo 1 da rabi, kuma gas kina kashe shi da zarar nama ya nuna, gawayi kuwa yana ci gaba da ci in ba a rufe shi ba. A ƙaramin gashi na kaza ɗaya ko kifi biyu, hura ganga guda asara ce. A babban gashi na awanni, gawayi yakan fi sauƙi. Ku auna tukunyar gas a sikeli kafin gashi da bayansa, ku rubuta kuɗin gawayin da Asabar ɗaya take ci, ku kwatanta da farashin unguwarku. Abin gashi na lantarki ban ba ki shawararsa ba, yana jan wuta da yawa, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, ga wutar tamu ba tabbas. Abin da ya cancanci gwaji shi ne curarren gawayi da ake yi da garin katako ko ɓawon kwakwa ko ƙaiƙayin shinkafa. Ya fi daɗewa yana ci, zafinsa bai cika hawa da sauka ba, tartsatsinsa kaɗan ne, sai dai ya fi jinkirin kamawa. Ni ina son sa don wani dalili ma: a yadda ake ƙona gawayi a dazukanmu, kilo 1 yakan cinye itace kilo 5 zuwa 10, kuma itatuwa masu daraja irin ƙirya da marke da kaɗanya ake sarewa, alhali hamada tana matso mu. Amma wannan kada ki mai da shi makamin faɗa da maigida, gashin sati-sati ba shi ne ya cinye daji ba.

Don haka kada ki sayar da abin gashinki yanzu, kada kuma ki fito da shi ki kafa a tsakar gida don ya gani. In kun fahimci juna, ki roƙe shi ya gwada miki shi da kansa wata ranar Laraba, da kaza ko kifi, da yajin da ya haɗa da hannunsa. Ki bar shi ya zama shi ne gwanin na'urar. Kaza a tabbata ta nuna har ƙashi, babu ja a ciki, in kuna da ma'aunin zafi ya kai digiri 74. Asabar ta zauna ta garwashi, tsakiyar mako da ranakun da ƙirjin yarinya ya motsa su zama na gas. In an yi wata biyu ana gwadawa ya ce sam bai karɓe shi ba, kuma gyaran gawayin ya wadatar tarin ya lafa, to ki sayar ki mai da kuɗinki wani abin, ba ki faɗi ba.

Maƙwabciyarki tana da haƙƙi, kuma gyara tsakaninku ba zai yi wuya ba. Wanki aiki ne, ga sabulu da tsada, mace ta shanya fararen kaya ta kwashe suna warin ƙauri dole ranta ya ɓaci. Ki shiga wurinta da sallama ki ce kin ji ƙorafinta kuma kuna gyarawa. Ku sa lokaci, a ce ba a kunna wuta sai bayan la'asar, ki riƙa aika yaro ya sanar da ita ta kwashe shanya. In nama ya nuna a zuba a faranti da albasa da yaji a miƙa mata, domin yaranta suna jin ƙamshin nan duk sati. Annabi ya yi wasiyya ko romo mutum ya dafa ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabta, balle gashi da ake yi a ƙofar ɗakinsu.

Game da Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya, ku gama wannan maganar tun da sauran makonni. Babbakar kai da ƙafafu ita ce mafi hayaƙi a aikin layya, kada a yi ta a tsakar gidan. A kai wa masu yi, a kuma tabbatar ba da taya suke babbakar ba, domin hayaƙin taya yana barin guba a fatar da za ku ci. Suyar nama ki yi ta a kan gas inda iska ke shiga. Hanta da tsiren ranar farko ku bar wa maigida da garwashinsa, ranar tasa ce.

In kuwa kin yi duk wannan ya ƙi sauraro, ya ci gaba da itace da kananzir yarinya tana kwana tari, to kada ki tsaya jayayya da shi a gaban wuta. Duk Asabar ki kai ta gidan 'yan'uwa kafin a kunna, ki gaya masa dalili cikin ladabi ba tare da ɓoyewa ba. Ki nemi wansa ko amininsa da yake jin maganarsa, ki nuna musu littafin da kika rubuta da takardar likita, su yi masa magana a matsayin 'yarsu ce su ma. Amma yadda kika siffanta shi, mutumin da ke sayo nama duk sati don ya ga iyalinsa sun ci, ban zaci za a kai nan ba. Ki fara da likita a wannan makon, ki roƙe shi shi ya riƙe ta a cinyarsa lokacin da ake sauraron ƙirjinta. Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, Ya daidaita tsakaninku, Ya kai mu Sallah lafiya.